Tsire

Tsire nama ne da ake yankawa fale-fale, a soke shi a tsinke, a shafe shi da garin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, sannan a gasa shi a gefen wuta. Yana cikin fitattun abincin da ake saya a bakin titi a ƙasar Hausa, kuma yawancin masu saye ƙunshe musu ake yi a takarda su tafi da shi gida. An fi sayar da shi daga la'asar zuwa dare, a tashoshin mota, kasuwanni da mararrabar hanyoyi. Da yake mai saye ba ya ganin lokacin da aka yanka dabbar ko aka haɗa yajin, sana'ar ta dogara ne a kan amana tsakaninsa da mai tsire.

Suna

Sunan ya samo asali ne daga aikatau "tsire", wato soke abu da tsinke ko wani abu mai tsini. A kudancin Najeriya an fi saninsa da "suya", kalmar da ita ma Hausa ce, daga "soya". A can kalmar ta haɗa kusan duk wani gasasshen nama, amma Bahaushe yana bambanta tsire da balangu, wanda ake gasa shi manya-manya ba tsinke, da kuma kilishi, wanda ake shanya shi a rana kafin a nuna masa wuta. A Kamaru ana cewa "soya", a Ghana "cicinga", a Sudan kuma "agashe". A farkon shekarar 2025 aka sanar da shigar "suya" cikin babban ƙamus ɗin Ingilishi na Oxford.

Masu sana'ar

Tsire reshe ne na sana'ar fawa, wadda a al'ada gadonta ake yi. Mahauta, waɗanda ake kira rundawa, suna ƙarƙashin Sarkin Fawa, wanda ke sa ido a kan yanka da sasanta rigingimun 'yan sana'a. Yaro yakan fara ne da feƙe tsinke, hura wuta da yankan albasa, kafin a yarda ya riƙe wuƙa. Fatauci da ci-rani sun kai masu tsire Legas, Ibadan, Fatakwal, Accra da sauran biranen Afirka ta Yamma, inda har yau Hausawa ne aka fi sani da wannan sana'a.

Yadda ake yin sa

An fi amfani da naman sa, sai na rago da akuya. Ana kuma yin tsiren hanta, ƙoda, tumbi da tozo. Bayan an fitar da jijiya, a kan yanka tsokar siriri domin wuta ta ratsa ta, a jera a tsinke, a saka ɗan kitse a tsakani. Yajin ya ƙunshi dakakken ƙuli-ƙuli, barkono, citta, masoro, kanumfari, gishiri da dunƙule, kuma kowane mai tsire yana da nasa ma'aunin da ba kasafai yake faɗa wa kowa ba.

A tsohuwar hanya, ana tara toka a yi tudu mai suna tukuba, a hura wuta a tsakiya, a kafa tsinkayen kewaye da ita. Zafin wutar ne ke gasa naman a hankali, ba harshenta ba, ana juyawa ana yayyafa man gyaɗa. A birane da yawa yanzu waya ake ɗorawa a kan garwashi, a jera naman a kai. Hakan ya fi sauri, amma naman ya fi saurin ƙonewa ta waje alhali cikinsa bai nuna ba.

Ciniki da mu'amala

Sayen tsire yana da ƙa'idojin da ba a rubuce suke ba. Mai saye yakan yi sallama, ya tambayi na nawa-nawa ne, shi kuma mai tsire ya yanko ɗan guntu ya miƙa masa a matsayin ɗanɗano. Ɗanɗano kyauta ne, kuma shi ne hanyar da mai saye ke tantance laushin naman da ƙarfin yajin kafin ya ba da kuɗinsa. Idan an daidaita, sai a mayar da tsinkayen wuta su yi zafi, a zare naman, a yanka, a zuba albasa, tumatir ko kabeji, a barbaɗa yaji. Wanda ya saba saye a wuri ɗaya yakan samu gyara, wato ɗan ƙari a kan abin da ya biya, wani lokaci har da bashi. A Kano ana yawan haɗa tsire da gurasa.

Ƙorafin da aka fi yi a kan masu tsire shi ne cika ƙunshi da kitse da albasa, sayar da kwantai na jiya da aka sake ɗumamawa, da fifita mai mota a kan wanda ya riga shi zuwa. Mai tsiren da ya yi suna da haka a unguwa ba ya daɗewa bai rasa masu saye ba, domin labarinsa baki da baki yake yawo.

Inganci da lafiya

Tsire mai kyau yana da laushi, ba ja a cikinsa, kuma ƙuli-ƙulin ba ya warin tsohon mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dafa nama har zafinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Selshiyos, kuma kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2. Wannan ya shafi tsire kai tsaye, domin yakan daɗe a kan tebur cikin ƙura da ƙudaje kafin a saya. Shi ya sa mayar da shi wuta kafin a ƙunshe yake da muhimmanci, haka ma wanke ɗanyar albasa da kabeji da ruwa mai tsabta. Ƙunshewa a tsohuwar jarida ma yana da matsala, saboda mai da zafi suna sa tawada ta manne a jikin naman. Wasu sun koma rufe teburinsu da gilashi, suna kuma amfani da farar takarda. Masu rashin jituwa da gyaɗa ya kamata su guje shi gaba ɗaya.

A yankin Wudil

Garin Wudil, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, yana da babbar kasuwar shanu da ke ci ranar Juma'a, wadda ke jawo 'yan kasuwa daga nesa da mutanen mazaɓun ƙaramar hukumar irin su Ɗankaza, Darki, Utai da Indabo. Kusanci da kasuwar yana sauƙaƙa wa mahauta samun dabbobi. Matafiya, direbobi da ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da na Kwalejin 'Yan Sanda suna cikin masu sayen gasasshen nama a garin.

Makamancinsa a Jamaika

A tsibirin Jamaika akwai gashin da ake kira "jak", wanda ake dangantawa da bayin Afirka da suka tsere zuwa duwatsu da kuma 'yan asalin tsibirin, Taino. Ana jiƙa naman a haɗin barkono mai kama da attaruhu da wani ƙwayar ƙamshi mai suna fimento, a gasa a hankali, sau da yawa cikin durom da aka raba biyu. Da naman alade aka fara yin sa, amma yanzu na kaza ya yaɗu sosai. Bambancinsa da tsire shi ne babu gyaɗa a haɗinsa, kuma ba a soke shi a tsinke. A unguwannin Landan irin su Peckham, shagunan jak na 'yan Jamaika da na suya na 'yan Najeriya suna sayar da nasu ga masu saye su tafi da shi gida.