Tarihin Ɗakinmu, Daga Ragaya Zuwa Buhun Bakko



Da aka ce kowane reshe ya kawo abin da za a buga a takardar bikin cikar shekarun ƙungiya, wasu suka ɗauki tarihin adashi, wasu na injin niƙa. Mu 'yan kasuwa na ajin yaƙi da jahilci muka ce ɗaki za mu rubuta. Aka yi ta yi mana dariya, wai ɗaki ma yana da tarihi? To yana da shi. Mun zauna da tsofaffinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun ba mu nasu, muka haɗa da wanda muka gani da idonmu, mu da muka haura arba'in.

Ɗakin kakanninmu na ƙasa ne da jinka a kai, an yi mashi daɓe da makuba har yana ƙyalli. In salla ta matso a shafe bango da farar ƙasa, wadda Allah Ya hore wa Ƙanƙara, har yau ana haƙarta ana lodi a motoci. Ba kabad, ba durowa. Abin da ake son adanawa sama ake kai shi. Ragaya na rataye daga rufin ɗaki, a ɗora ƙwarya cikin ƙwarya, a kife ta sama da faifai, ɓera ya zo ya yi ta kallo. Tufafi kuwa suna cikin adudu: zanen saƙi biyu ko uku, baƙi ɗaya na rini don fita unguwa, sai murjani da tsakiya a ƙulle cikin tsumma can ƙasa. Wata tsohuwa a Sabuwa ta ce mana, a lokacinsu kafin ruwan tuwo ya tafasa mace ta gama haɗa duk abin da ta mallaka ta ɗora a ka.

Ita kanta kalmar lefe da muke ta kai ruwa rana a kanta, asalinta ɗan kwando ne na kaba, wanda mata ke zuba auduga a ciki in za su yi kaɗi. A cikinsa dangin ango ke sa kayan amarya su kawo. Ku duba girman kwandon kaɗi, ku duba akwatunan da aka kawo wa ɗiyar maƙwabta bara.

Auduga ce ta fara canza ɗakin. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma kafa injin gurzar auduga a Funtuwa. Manoman ƙasarmu suka riƙa kai auduga awo suna dawowa da kuɗi a aljihu, ga kantuna cike da kaya. A nan kwano mai fenti ya shigo: langa, fanteka, faranti, kwalla mai murfi, da zanen furanni ja da kore da ruwan ɗorawa. Da farko daga ƙasashen waje ake kawo su, daga baya a shekarun 1960 'yan China na Honkon suka kafa masana'antun kwano a Najeriya, har da Kano, sai ya yi araha ya kai ƙauye. Kafin nan tasar tagulla ce abin alfahari, ita kuwa ba kowa ke iya mallakarta ba.

Daga nan jere ya kafu. Waɗanda suka riski na farko sun ce faranti manna shi ake yi a bango tun ƙasa na ɗanye, layi bisa layi har kusa da rufi. Kwanuka kuma a tsara su bisa juna kamar hasumiya. Ranar jere ƙawayen uwar amarya ke zuwa su wuni suna tsarawa suna wargazawa, wata ta ce ja ya yi yawa a nan, wata ta ce a'a. Mutanen gari su yi ta shigowa kallo, kuma ƙirgawa suke yi, kada ki ji an ce miki ba sa ƙirgawa.

Yaran yanzu in sun ga hoton jere sai su ce ƙauyanci, wai kwanon da ba a ci a ciki mene ne amfaninsa. Ai ba don ci aka saye shi ba. Jere shi ne bankin mace a lokacin da ba mace ko ɗaya a ƙauyenmu da ta taɓa taka ƙofar banki. Kwano ba ya ruɓewa, asu ba ya cin sa, gara ba ta cin sa, muna nufin gara mai cin kaya, ba garar amarya ba. In ciwo ya kama yaro, ko hatsi ya ƙare kafin kaka, sai a aika a kira dillaliya da magariba, a zare saiti ɗaya daga baya inda ido ba ya kaiwa, ta sa a lulluɓi ta fita da shi. Iyayenmu sun ce a farin 1973 jere da yawa ya koma dawa da gero ta wannan hanya. Kuma nata ne ita kaɗai. Ranar da aure ya mutu, ba a fata, danginta ke zuwa su kwashe, ko cokali miji ba ya da iko a kai.

Akwai kuma wata hanyar da jere ke raguwa, wadda mu muka fi ganin muhimmancinta. Duk ɗiyar da ta isa aure, uwa za ta rage nata ta haɗa mata. Ta farko ta tafi da kashi ɗaya, ta biyu da wani, kafin a aurar da auta bango ya yi fili. Shi ya sa ɗakin amarya ke cike, ɗakin tsohuwa kuwa sai gado da tabarma da buta da carbi. Kaya na da ƙofar shiga, suna da ƙofar fita.

Shekarun 1970 suka zo da nasu. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ba a jima ba kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, kasuwa ta motsa. Ɗaki ya koma mai kusurwa huɗu da rufin kwano. Gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon kara, a ɗaga ƙafafunsa bisa bulo ya yi tsawo har sai amarya ta taka kujera kafin ta hau, ƙarƙashinsa kuma ya zama sito. Jere ya sauka daga bango ya shiga kabad mai gilashi. Lefe ya fita daga kwando ya shiga fantimoti da kwalla, daga nan akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Atamfa ta wadata saboda masaƙun Kaduna na aiki dare da rana, mu ma ga tamu a Funtuwa. Mace mai hankali ba ta ɗinke lefenta duka. Za ta bar turmi uku ko huɗu a naɗe a ƙasan akwati da ƙwayar kafur, don ta san turmin atamfa mai kyau kuɗi ne a kwance.

Mu da aka yi wa aure bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, yawancinmu a shekarun 1990, mun samu ƙarshen wancan zamani da farkon wannan. An jera mana samira, an jera mana kuloli, an kawo kujeru da sif. Iyayenmu sun ba mu langarsu, mun karɓa muna ɓata rai, muka tura ƙarƙashin gado. Wallahi mu muka fara toshe ƙofar fitar nan, gara mu faɗi gaskiya. Yau kuma ga ɗiyanmu sun rama: wace ce a cikinmu ta isa ta ce wa ɗiyarta ga samirata ki tafi da ita? Cewa za ta yi, haba Inna, tsohon yayi, so kike a yi da ni a waya? Don haka kowace amarya sai an sayo mata sabo fil, na uwa kuma yana nan inda yake, yana shan ƙura.

Sai kayan biki. Kowa ta san biki bashi ne: abin da ƙawa ta kawo miki ranar suna za ki mayar mata ranar nata, har da ƙari. Kakanninmu a ka suke riƙe wannan lissafi, kuma ba sa kuskure, tsohuwa za ta gaya miki wadda ta kawo mata sabulu sanda biyu shekara talatin da suka wuce. Sabulun nan ma ba a wanka da shi duka, ajiye shi ake yi, suna na gaba ya wuce gidan wata. Yanzu fa? Bokitin roba da hoton ango da amarya a manne, kofi da hoto, faranti da hoto, kalanda, jaka. Abin da aka manna wa hoton wasu ba ya kyautuwa ga kowa, dillaliya ma ba ta karɓa. Mun ƙirga a ɗakin ɗaya daga cikinmu, da izininta, muka samu bokiti goma sha ɗaya, biyu kaɗai ke ganin ruwa. A saman sif akwatunan lefe shida, huɗu ba komai a ciki sai ledoji. Ba ma zargin kowa, don robobin nan mu ke sayar da su a kasuwa, da ribarsu muke biyan kuɗin makaranta.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce matsalar shara ce da kakkaɓe yana. Amma kowa a ƙananan hukumomin nan uku ya san abin da ya fito mana daga dazukan da suka haɗa mu da Zamfara da Birnin Gwari. A 2020 ƙauyuka da dama suka watse, mutane suka cika makarantun firamare da gidajen dangi a Faskari da Ɗandume da Funtuwa da cikin garin Ƙanƙara. A daren 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji sunan garinmu. Cikin waɗanda suka gudo akwai 'yan ƙungiyar nan, suna karanta wannan takarda tare da mu.

Mun tambaye su me suka ɗauka. Ba wadda ta ɗauki kabad. Goyo a baya, yaro a hannu, buhun bakko ko jakar Gana-mas-go a ka, in an samu sarari ke nan. Wata 'yar uwarmu daga wajen Faskari ta ce ta tsaya tsakiyar ɗaki tana juyi, ta san tana da 'yan kunnen zinari da katin asibitin yara da takardar gonar marigayi mijinta, amma ta rasa a wane akwati suke cikin guda bakwai, kuma na ƙasa ba ya buɗuwa sai an sauke na sama. Ta fita da zanin jikinta da tukunya ɗaya. Da ta koma bayan wata huɗu, damina ta shiga ɗakin, sif ɗin da aka ci bashi aka saya ya kumbura ya zube kamar tuwon da ya kwana, don irin katakon nan ne na gari da ake matsewa. Langar uwarta da ta raina tana nan ƙarƙashin gado, ta wanke ta sayar ta sayi masara.

A 2021 gwamnati ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankinmu, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya, don a matse 'yan bindiga. Akuya ita ce ɗayan bankin mace, to ga akuya ga yunwa, ba halin kai ta Sheme. Ba waya balle ɗa ya turo kuɗi daga Legas. A watannin nan akwati ne ya ciyar da gidaje: wadda ta bar atamfa a naɗe ta ci, wadda ta ɗinke duka ta yi ta kallon kayan da ba mai saye. Sai kuma farkon 2023, bayan an canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗin da tsofaffi suka ɓoye a ƙasan adudu da cikin matashi suka zama abin tashin hankali, aka yi ta zazzage ɗakuna ana neman ƙullin da aka manta inda aka sa shi.

Tun daga nan wasunmu suka canza tsari, ba tare da wani ya yi mana lacca ba. Takardu, katin zaɓe, katin asibiti, zinari in akwai, da kaya kala biyu na kowane yaro, duk a jaka ɗaya kusa da ƙofa, kowa a gidan ya san ta. Mu na ajin yaƙi da jahilci mun ƙara da littafi mai ganye arba'in: shafi ɗaya na abin da ke cikin kowane akwati, sauran na biki, wa ta kawo me, ranar kaza. Rubutunmu a karkace yake, amma yana karantuwa. Akwai wadda ta tara bokitanta ta kai wa 'yan gudun hijira, ta ce ita ma ta samu wurin shimfiɗa sallaya ba tare da ta matsar da komai ba.

Ba mu daidaita a kan komai ba. A taron da ya wuce an yi zazzafar muhawara a kan rancen kayan ɗaki. Wasu suka ce ƙungiya ta daina ba da bashin sayen sif da kujerun yayi, a riƙa ba amarya keken ɗinki ko jari ko 'yar tunkiya. Wasu suka ce ku dai kuna faɗa ne, ranar da aka kai ɗiyarku ɗaki fayau dangin miji suka fara zunɗe, za ku gane. Su ma suna da gaskiyarsu, don gorin kayan ɗaki ya kashe aure ba ɗaya ba, kuma yarinya ce ke zaune da shi, ba mu ba. An ɗage maganar zuwa taron bayan biki.

Ranar bikin za ku ga tebur ɗaya a gefen rumfa. Wata baba daga Ƙanƙara ta ba mu aron adudunta, wata ta ba mu ragaya, mun samo kwalla biyu da langa saiti ɗaya da ba ta taɓa ganin miya ba. A kawo yara su gani, amma don Allah a hana su taɓawa, don mun yi alkawarin mayar da kowane abu kafin magariba.