Dam ɗin Gurara da ɗorawar da ba a rubuta sunan mai ita ba

'Yan uwa mata, barkanmu da zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce bana kada mu tsaya kan lissafin adashi kaɗai, mu taɓa tarihi. To, ga namu.

Duk mai saro kaya ta hanyar Kachia ta san zancen dam ɗin Gurara. A ƙasarmu ta Kaduna aka tare ruwan, aka ja shi cikin bututu mai tsawon kilomita kamar 75 zuwa dam ɗin Usuma, don mutanen Abuja su sha. Mu kuwa a nan Mahuta har gobe kuɗinmu na wajen mai garuwa. Amma bari mu bar wannan.

Kafin ruwa ya taru, ai ƙauyuka da gonaki ne a wurin, aka tashe su. Haka aka yi a Kainji a 1968, mutum wajen 44,000 suka bar gidajensu, tsohon garin Bussa ya nutse. Na Bakolori kusa da Talata Mafara ya fi muni. Dam ne na noman rani, manoma suka tare hanya kan diyyar gonakinsu, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda ake ƙirga diyyar. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka ba ƙasar ake biya ba, sai gini, amfanin gona da itatuwan da ke kanta. Masu ƙirga kuwa maigida suke nema, sunansa ke shiga littafi. To, wa ke tsintar kaɗanya ta yi man kaɗe? Wa ke dafa kalwa ta yi daddawa? Mace ce. Ɗorawa kan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuɗin diyya kuwa kafin damina biyu ya ƙare. Ko an ba da sabon gida mai kwano, ba ya zuwa da ɗorawa a bayansa.

Wata tsohuwa da muke sayen daddawa a hannunta ta ce mana dangwala yatsa kawai mijinta ya yi, ba wanda ya karanta musu takardar.

Shi ya sa muka buɗe littafi a ƙungiya. Duk mai gona, fili ko bishiya a ƙauye ta zo ranar taron wata a rubuta da sunanta, ta sa hannu da kanta.