Saƙon kuskure a harshen C++: me ya sa yake da tsawo, kuma yaya aka rage shi?

Kwampaila manhaja ce da ke juya abin da mai tsara manhaja ya rubuta zuwa harshen da kwamfuta ke ganewa. In ta ci karo da kuskure sai ta tsaya, ta fitar da saƙo. Wannan saƙon ne jagorar mai gyara. In bai fito fili ba, aikin minti biyar na iya cinye wuni, mai koyo kuma ya karaya.

A harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ɗan ƙasar Danmak ya soma ƙirƙira a 1979, matsalar ta fi tsanani a ayyukan gama-gari, wato umarni guda da ke aiki kan bayanai iri-iri, lambobi ne ko kalmomi. Misali, aikin jera bayanai mai suna sort yana buƙatar ma'ajin da za a iya tsallakawa kai tsaye zuwa kowane gurbi nasa. Ma'aji mai suna list kuwa ɗaya bayan ɗaya ake bin sa. In aka haɗa su, kwampaila ba ta ƙi tun daga farko: sai ta yi nisa cikin aikin sannan ta tuntsure, ta zubo dogon saƙo game da layukan da mutum bai taɓa rubutawa ba.

Maganin shi ne a rubuta sharaɗin a bakin ƙofar aikin. Tsarin da ke yin haka sunansa concepts. Kwamitin daidaita harshen ya cire shi daga daftari a taron Frankfurt na 2009 saboda sarƙaƙiyarsa. Daga baya wani salo mai sauƙi ya shiga C++20, tare da kalmar requires. Da sabon sort mai sharaɗi, kwampaila na nuna layin da aka kira aikin, ta faɗi sharaɗin da bai cika ba.

Sai dai da sauran aiki. In ayyuka da dama suna da suna ɗaya, kwampaila kan lissafo su duka da dalilin ƙin kowanne, saƙon ya sake tsawo. Harshen Rust ya bi wata hanya: tun sigar 1.78 ta 2024, wanda ya gindaya sharaɗi na iya rubuta da kansa bayanin da za a gani in an saɓa masa.