Jirgin da ke ɗaukar hoton Anka daga sama: wa zai biya in ya faɗi?

1/ Jama'a, yau zan ɗan taɓa tarihin da ba a cika magana a kai ba: ƙananan jiragen da ke auna ƙasarmu daga sama, da inshorar da ke ba su damar tashi. Misalina Anka, Gummi da Bukkuyum. Ku biyo ni.

2/ A Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar. A 1946 Turawa suka kafa hukumar safiyon ƙasashen da suke mulka, rundunar jirage ta 82 ta riƙa ɗaukar hotunan Najeriya daga sama ana zana taswira. Tarin hotunan yanzu yana Edinbura, a Sikotilan.

3/ Me ake nema a yammacin Zamfara? Zinare. Duwatsun yankin Anka suna cikin waɗanda masana suka daɗe da sanin akwai zinare a jikinsu.

4/ Tsakanin 2003 da 2010 hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa, NGSA, ta sa kamfanin Fugro ya auna Najeriya daga sama. Jirgin na tafiya kusan mita 80 kacal daga ƙasa, layi bayan layi, tazarar mita 500, na'urori na auna maganaɗisun duwatsu. Mita 80 fa! In inji ya tsaya, matuƙi ba shi da lokacin neman filin sauka.

5/ A nan inshora ta shigo. Tun 1911 kasuwar Lloyd's ta Landan ta fara yi wa jirage inshora. A Najeriya hukumar NCAA ba ta yarda jirgi ya yi aiki babu ita, NAICOM kuma ke sa ido kan kamfanonin.

6/ Kashi biyu ce babba. Ɗaya ta jikin jirgin. Ɗaya ta diyyar wanda aka cutar: in jirgi ya faɗa kan gida a Bukkuyum ko garken shanu a fadamar Gummi, daga nan za a biya. Kyamara da na'urori sai an lissafa su daban, wasu kuɗinsu na iya gogayya da na jirgin.

7/ Ga inda mutane ke faɗawa rami. Takardar inshora tana rubuta aikin da jirgi zai yi. In ka ce na yawon kanka ne, sannan ka karɓi kuɗi kana ɗaukar hoto ƙasa-ƙasa, ka fita daga yarjejeniya. Ranar hatsari kamfani na iya ƙin biyan ko sisi.

8/ Sai babban sharaɗi, AVN 48B. Ya samo asali bayan Isra'ila ta lalata jiragen fasinja a filin Beirut a 1968. Yana cire yaƙi, ta'addanci, fashin jirgi da ɓarnar ganganci daga inshorar yau da kullum. Mai so sai ya saya daban, da tsada.

9/ To ku ɗora wannan kan Zamfara. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. A Maris 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe, aka hana jirage shawagi a samaniyarta. A Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi Alpha Jet a iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya tsira.

10/ In an harbo jirgin yaƙi, ina ga ɗan ƙaramin da ke tafiya a hankali, mita 80 daga ƙasa? Mai inshora ko dai ya ƙi, ko ya yanka kuɗin da aikin ba zai iya ɗauka ba.

11/ Wani zai ce ina ruwan talaka. Ku tuna 2010: gubar dalma daga niƙa dutsen zinare a gida ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Yargalma da Bagega. Ku tuna ambaliyar Gummi ta Agustan 2024. Hoton sama ne ke nuna inda sababbin ramuka suka matso gari, da hanyar da ruwan Gulbin Zamfara ke bi in ya cika.

12/ Tauraron ɗan'adam na taimakawa, amma hadarin damina na rufe masa ido. Jirgi mara matuƙi ya fi araha, sai dai shi ma yana buƙatar izinin hukuma, kuma mai riƙe da shi dole ya tsaya a ƙasa, a dajin da kowa ke gudu.

13/ A Disamban 2024 aka ɗage dokar hana haƙar ma'adinai a Zamfara. Ni dai ma'aunina shi ne: ranar da kamfanin inshora ya yarda ya tsaya wa ƙaramin jirgin safiyo a kan Bagega ba tare da ƙarin kuɗin yaƙi ba, zan yarda tsaro ya inganta, don su da aljihunsu suke lissafi.

14/ 'Yan Anka, Gummi da Bukkuyum, ku tambayi manyanku ko sun tuna jirgin da ke wucewa ƙasa-ƙasa yana kai da komo a shekarun nan. Ku ajiye mana amsar a ƙasa.