Tarihin Aikin Jarida a Birnin Yamai

Aikin jarida a Yamai ya faro ne a hannun hukuma, kuma ya daɗe a can. Tun da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, madaba'a da takarda da izinin bugawa galibi na gwamnati ne. Yawancin abin da ake bugawa sanarwar ofis ce da labaran ma'aikata, cikin Faransanci, domin 'yan tsirarun da suka yi boko. Sauran jama'a suna samun labari ta bakin sanƙira, da fatake, da masallaci, da takardun ajami da malamai ke aika wa juna. Shi ya sa rediyo, da aka buɗe a Yamai a 1958, ya riga jarida shiga gidajen talakawa, domin yana magana da Hausa da Zabarmanci, kuma ba ya buƙatar mai sauraro ya iya karatu.

Samun 'yancin kai a ran 3 ga Agusta 1960 bai sauya wannan tsari ba. An riga an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary tun 1959, ƙasa ta zama mai jam'iyya guda a ƙarƙashin Diori Hamani. Jaridun Le Niger da Le Temps du Niger muryar gwamnati ne da jam'iyyarta PPN-RDA. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu 1974, sai aka sake wa jaridar kullum, Le Temps du Niger, suna, ta koma Le Sahel, daga baya aka samu ta ƙarshen mako, Sahel Dimanche. Ɗan jarida a wancan zamani ma'aikacin gwamnati ne mai cin albashi. Wanda ke da ra'ayin da ya saɓa wa na hukuma ba shi da inda zai kai rubutunsa, sai takardun ɓoye da ɗalibai ke rarrabawa da dare.

A gefe guda, hukumar yaƙi da jahilci ta fitar da ƙananan jaridu cikin harsunan ƙasa, irin su Ganga da Sabon Ra'ayi da Muryar Damagaram. Manufarsu ita ce manomin da ya koyi karatu ya samu abin karantawa kan noma da kiwo da lafiya. Ba su shiga siyasa ba, kuma rayuwarsu ta dogara ga tallafi, amma su ne suka fara nuna cewa Hausar boko tana iya ɗaukar labari a Nijar, kamar yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta nuna a Zariya tun 1939.

Babban sauyi ya zo a 1990. A ran 9 ga Fabrairu jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy, aka rasa rayuka, ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka matsa wa gwamnatin Ali Saibou lamba. A watan Mayu na shekarar Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, jarida mai zaman kanta da ta buɗe wa saura hanya. Maman Abou ya kafa Le Républicain a 1991, Grémah Boucar ya biyo da Anfani. Taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma daga nan aka samu hukumar sa ido kan kafofin watsa labarai, wadda aka sani da CSC.

Izini ya samu, amma kuɗi suka zama sabon shinge. Takarda da tawada daga waje ake shigo da su, kuma karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994 ya tsawwala farashinsu. Madaba'u kaɗan ne, shi ya sa Maman Abou ya kafa tasa, Nouvelle Imprimerie du Niger. A wancan lokaci jaridar mako ana sayar da ita wajen dala sittin, kofi guda kuwa yakan zaga ofis ko fada gaba ɗaya kafin ya yage. Talla mai tsoka tana hannun ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni. Saboda haka jaridu da yawa suna fitowa ne in an samu kuɗin bugu, wasu kuma suka jingina da 'yan siyasa, abin da ya rage musu daraja a idon masu karatu.

Gidajen rediyo masu zaman kansu, da suka fara da R&M a 1994, sannan Anfani da Ténéré da Saraounia, su suka cike giɓin harshe. Sharhin jaridu da Hausa da Zabarmanci ya kai abin da aka rubuta da Faransanci ga ɗan kasuwa da direba da uwargida. Wannan tasiri ya jawo musu fushin masu mulki. An rufe Anfani a zamanin Ibrahim Baré Maïnassara, kuma Moussa Kaka na Saraounia ya shafe shekara guda a kurkuku daga 2007 zuwa 2008. A 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta soke hukuncin ɗauri kan laifuffukan aikin jarida.

Intanet ta iso Yamai a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun kamfanin SONITEL, amma sai da wayar salula ta yaɗu bayan 2001, sannan wayoyi masu intanet suka yi arha, kafin ta taɓa aikin jarida sosai. Kafofi irin su Tamtaminfo da ActuNiger sun sada 'yan Nijar mazauna waje da labarin gida. Facebook da WhatsApp kuma suka kawar da kuɗin bugu baki ɗaya: mai waya a hannu yana iya wallafa ra'ayinsa ba tare da edita ko madaba'a ba. Masu rubutu suna zaɓa gwargwadon buƙata. Facebook ya fi dacewa da mai son jama'a da yawa da muhawara a fili, WhatsApp kuwa ya fi shiga ƙauye, domin saƙon murya da Hausa ba ya neman karatu. Sai dai wannan sauƙi bai cika ba, domin akwai kuɗin intanet, kuma kamfanin da ke riƙe da rubutun yana ƙetare, yana iya goge shi ko rufe asusun mai shi. Tsofaffin kofin Le Sahel suna ajiye a ma'ajiyar tarihi, alhali yawancin abin da aka wallafa ta waya ba shi da irin wannan ajiya.

Doka ma ta bi marubuta zuwa wayoyinsu. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna, kuma da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 saboda rubutun da ta yi a Facebook. Bayan zaɓen Fabrairu 2021 an katse intanet ta waya har kusan kwana goma. An cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna daga dokar a 2022, gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta maido da shi a 2024. A watan Maris 2025 kundin mulkin da aka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Har yanzu manyan jaridun Yamai da Faransanci suke fitowa, yayin da Hausa da Zabarmanci suka fi ƙarfi a rediyo da talabijin da saƙonnin waya.