Shari'ar Yahaya Sharif-Aminu

Yahaya Sharif-Aminu mawaƙi ne ɗan Kano wanda Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta unguwar Hausawa ta yanke wa hukuncin kisa a watan Agustan 2020, bisa tuhumar yin ɓatanci ga Annabi (SAW) a wata waƙa da ta yaɗu ta WhatsApp.

A Janairun 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta soke hukuncin saboda ba shi da lauya lokacin shari'ar, ta umarci a sake ta daga farko. A Agustan 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ta tabbatar da umarnin. Lauyoyinsa sun garzaya Kotun Ƙoli, suna ƙalubalantar dacewar dokar ɓatanci ta jihar da tsarin mulkin 1999.