Inda Baƙon Kano Ya Ke Sauke Iyalinsa

A cikin 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Cinikin gyaɗa ya buɗe, akawuna da ma'aikatan jirgi suka yi ta zuwa daga Ikko da Saliyo, waɗansunsu da mata da 'ya'ya. To, ina za su sauka?

Zaɓin ba a hannunsu ya ke ba. Birni na Kanawa ne, Nasarawa ta Turawa. Fagge kuwa tun da zangon Buzaye ne da fatake, sa'an nan Kwarori suka kafa kantuna a gefenta. Saboda haka a 1913 Gwamnati ta yanka wa baƙin Kudu fili, aka kira shi Sabon Gari. Nan mutum zai sami coci, da makarantar boko, da maƙwabci mai jin harshensa. Joji ke mulkin wurin, har 1940 da aka mayar da shi hannun En'e.

Amma rabuwar nan ta hana sanin juna. Rikicin 1953 da na 1966 a nan suka fi ɓarna, iyalai da yawa suka gudu Kudu. Bayan yaƙin basasa, a 1970, da yawansu suka komo. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma ga jikokin waɗannan baƙi, Kano ce gida.